Farfesa ya ce mu je Fushimi Inari, na riga na ce to

Baƙon Kiyoto: Assalamu alaikum 'yan uwa. Watana huɗu a Japan. Farfesan nan shi ya taro ni a filin jirgi, shi ya tsaya mini na sami ɗaki, har bargo matarsa ta ba ni da sanyi ya shigo. To yanzu ya ce duk ɗalibansa za mu je Fushimi Inari ranar 2 ga Janairu, ziyarar farkon shekara da suke kira hatsumode. Wurin bautar Shinto ne, addinin gargajiyar Japan. Bakina ya riga hankalina, na amsa. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ya zan yi?

Tsohon Osaka: Ƙanena, shekarata 9 a ƙasar nan, je ka abinka. Wurin tun 711 yake, mutane daga ko'ina zuwa suke kallon dubban jajayen ƙofofin nan, torii, da suka jeru har saman dutse. 'Yan kasuwa ne ke ba da su, sunayensu na rubuce a baya. Akwai kwamin ruwa a bakin shiga, a wanke hannun hagu, a wanke na dama, a kuskure baki. A gaban ɗakin bautar sai su jefa yen 5, ruku'u biyu, tafi biyu, ruku'u ɗaya. Nan kawai za ka ja gefe. Ba mai kallonka.

Ɗan Zinder: Inari abin bautarsu ne na shinkafa, ga gumakan dila ko'ina. Kuma ranar ibadarsu ce, ba ranar yawo ba. Ka ce ba ka da lafiya.

Baƙon Kiyoto: Ƙarya kuma, Malam? Ai ban ce zan yi ruku'u ba.

Uwar Biyu: Ni maƙwabciyata ce ta rataya wa ɗana layarsu, omamori, a jakar makaranta. Na cire, har yau gaisuwarmu sama-sama.

Tsohon Osaka: Hajiya, kyauta ce, da kin ajiye a durowa. Kai kuma ka sa takalmi mai daɗi, hawa da saukar dutsen sai ya ci awa biyu zuwa uku. Kada ka zari takardar duba, omikuji.

Ɗan Zinder: Wanke hannun fa? Ba alwalarsu ba ce?

Baƙon Kiyoto: Ku ba ku san mutumin nan ba, shi zai sa hannu a takarduna. Yanzu ma ya turo saƙo wai mu haɗu a tashar Inari ƙarfe bakwai.