Neman shawara kan yadda ake nuna zubar jini a fim

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta labarin fim, kuma akwai wurin da aka soki jarumin da wuƙa a cinya. Abin da na saba gani shi ne mutum ya zare wuƙar da kansa, ya ɗaure wurin da ƙyalle, ya ci gaba da faɗa. Ina roƙon masana lafiya su faɗa mini ko haka abin yake, domin ba na son in koya wa masu kallo abin da zai cutar da su.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Malam, zare wuƙar nan shi ne abin da ya fi damuna, domin sau da yawa ita ce ke toshe jijiyar da ta yanke, kuma babbar jijiyar cinya tana iya kashe mutum cikin 'yan mintoci. Jinin irin wannan jijiya ja ne jawur, yana tsartuwa daidai da bugun zuciya.

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Idan ya rasa fiye da kashi 15 cikin 100, zuciyarsa za ta fara bugawa da sauri, tafin hannunsa ya yi sanyi, gumi ya karyo masa, ƙishirwa ta dame shi. A kashi 30 numfashi yakan yi sama-sama, magana ta rikice, jiri ya hana shi tsayuwa, sannan idan aka kai kashi 40, wato kusan lita 2, rai na cikin haɗari matuƙa. Wanda ke wannan hali ba ya iya doguwar wasiyyar nan da ake tsara masa daki-daki.

Wani malamin agajin gaggawa:
Ina tare da 'yar uwa. Fim ya fi son jinin da ido ke gani, alhali ciki ko ƙirji yana iya tara jini mai yawa riga ba ta ɓaci ba. Shawarata ita ce ka nuna abokinsa ya bar wuƙar inda take, ya danne gefenta da tsumma mai tsabta da dukkan ƙarfinsa, wani kuma yana neman mota zuwa asibiti. Kada ka tashe shi garau washegari, domin jiki yana ɗaukar makonni kafin ya mayar da jinin da ya rasa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan sake rubuta wurin, wuƙar kuma sai a ɗakin tiyata za a cire ta.