Muhawara: Kishin ƙasa fim ɗin Janar Luna ya shuka a Filifin, ko son shugaba mai zafin hannu?

Malam Habibu: Jama'a, ga maganata, mai ja ya ja. Finafinan tarihi sun ɗauki aikin da makaranta ta yar a Filifin. Hujjata Heneral Luna na darakta Jerrold Tarog, fim kan Antonio Luna, janar ɗin Filifin a yaƙinsu da Amurka, wanda ya fito ranar 9 ga Satumba 2015. Cikin makon farko gidajen sinima da dama suka sauke shi saboda ba ciniki. Matasa ne suka tayar da ƙura a Facebook da Twitter har aka maido da shi, ya tara sama da peso miliyan 250. Masu fim ɗin sun yafe wa ɗalibai rabin kuɗin tikiti. Kafin nan, a wurin yara da yawa Antonio Luna sunan titi ne kawai.

Hajiya Rabi: Malam, cikar sinima daban, kishin ƙasa daban. A duba inda 'yan kallo ke tafi. Suna tafi ne in Luna ya zaro dokarsa ta Artikulo Uno, wadda ta ce duk wanda ya ƙi bin umarni a tuɓe masa muƙami a kashe shi ba shari'a. Suna tafi in ya zagi 'yan majalisar ministoci. Wata takwas bayan fitowar fim ɗin, a Mayun 2016, aka zaɓi Rodrigo Duterte, mai zafin hannu, shugaban ƙasa. Ban ce fim ne ya kaɗa masa ƙuri'a ba. Amma masu sharhi a can cikin ƙasar sun haɗa biyun, kuma ba su yi ƙarya ba: ƙishirwar mutum ɗaya mai tsawa da zai gyara kowa ce aka shayar.

Malam Habibu: Hajiya, ai saƙon fim ɗin a fili yake. Luna ya gaya musu suna da maƙiyin da ya fi Amurkawa, wato su kansu. Wannan kira ne a duba kai.

Dakta Mansur: Ku bari in sa baki ta fuskar tarihi. Fim ɗin da kansa ya faɗa tun farko cewa ƙirƙira ce aka gina kan abin da ya faru. Joven, ɗan jaridar cikin fim ɗin, babu shi a tarihi, Isabel masoyiyar Luna ma harhaɗa ta aka yi. Wannan ba laifi ba ne. Laifin yana wurin abin da aka wuce da sauri. A 1896 Luna bai shiga ƙungiyar Katipunan mai tawaye wa mulkin Sifaniya ba, ya ga lokacin tawaye bai yi ba. Duk da haka Sifaniyawa suka kama shi, ya ba da bayani a kan ƙungiyar, aka kore shi zuwa Sifaniya. Sannan a Afrilun 1899, Amurkawa na matsa layin tsaron garin Calumpit, ya kwashi sojoji daga bakin daga ya nufi Guagua don ya ladabtar da Janar Tomas Mascardo na ɓangarensu. Kafin ya dawo an karya tsaron kogin Bagbag. Fim ɗin ya nuna wannan, amma ya shirya shi yadda ɗan kallo zai ɗora laifin duka kan Mascardo. Kwamandan da ya bar fagen fama don rikicin girma, shi ma da nasa kason.

Malama Zainab: Dakta, a nan ne sana'ar fim ke aikinta, kuma ya kamata a gane yadda take kama zuciya. An kashe Luna a Cabanatuan ranar 5 ga Yuni 1899, a hannun sojojin Kawit, mutanen garin Shugaba Aguinaldo. Tarog ya ja sara da harbin ya daɗe har ya gundure ka, sannan ya sa aka ja gawar a ƙasa daidai da fasalin Spoliarium, zanen da wansa Juan Luna ya yi a 1884, wanda kusan kowane ɗan makaranta a ƙasar ya san hotonsa. Daga nan sai ga janar-janar na Amurka suna dariya cewa mutanen nan sun kashe janar ɗinsu ɗaya tilo na gaske. Ka fito da kunya da fushi a haɗe. Tambayar ita ce, fushin nan wa zai faɗa wa?

Dakta Mansur: Ya faɗa wa Aguinaldo, kuma nan ne matsalar. A 2012 fim ɗin El Presidente ya mai da shi gwarzo, ya rage wa Andres Bonifacio, jagoran Katipunan, daraja. A 2014 aka yi fim ɗin Bonifacio, aka juya tabarmar. A 2015 ga na Luna. Cikin shekara huɗu mutum ɗaya ya tashi daga uban ƙasa ya koma maci amana. Gaskiya ne gwamnatinsa ce ta yanke wa Bonifacio hukuncin kisa, aka zartar ranar 10 ga Mayu 1897. Amma a kisan Luna ba wanda kotu ta taɓa kamawa da laifi, kuma Aguinaldo ya musanta hannu a ciki har ƙarshen ransa. Fim na bukatar mugu mai fuska. Shi ya sa yarjejeniyar Faris ta Disamba 1898, inda Sifaniya ta miƙa wa Amurka ƙasar kan dala miliyan 20, ba ta tsaya a ran ɗan kallo kamar fuskar Aguinaldo.

Malam Habibu: To ku ji wannan. Epy Quizon, wanda ya fito a matsayin Apolinario Mabini, firaministan Aguinaldo, ya ce wasu ɗalibai sun tambaye shi me ya sa bai taɓa miƙewa tsaye a fim ɗin ba. Ba su san shan inna ta naƙasa Mabini ba. Da ba fim ɗin, wa zai gano ramin nan?

Hajiya Rabi: Wannan hujjata ce, Malam, ba taka ba. A 2014 ma'aikatar ilimi ta cire tarihin Filifin a matsayin darasi mai zaman kansa daga sakandare, ta bar shi a aji biyar da shida na firamare. Shekara bakwai bayan fim ɗin Luna, a 2022, aka tambayi wasu matasa a shirin talabijin laƙabin limaman coci uku da Sifaniya ta shaƙe ranar 17 ga Fabrairu 1872, Gomez da Burgos da Zamora, suka kasa cewa Gomburza. A Disamba 2023 aka yi musu nasu fim. In kowane giɓi sai an jira furodusa ya cike shi, yaushe za a gama?

Malama Zainab: A yi wa Tarog adalci, ya ji wannan sukar. Fim ɗinsa Goyo na 2018, kan Janar Gregorio del Pilar, amsa ce gare ta. Gregorio del Pilar ya mutu yana ɗan shekara 24 a mashigin Tirad ranar 2 ga Disamba 1899, shi da mutum kusan 60 suna tare hanya don Aguinaldo ya tsere. Fim ɗin ya ƙi yi masa kirari, ya tsaya kan tambaya ɗaya: biyayyarsa ga ƙasa take ko ga ubangidansa? Bai tayar da ƙura kamar na Luna ba, don ba ya ba ka wurin tafi.

Alhaji Sabo: Ranku ya daɗe, duk kun tsaya a tsibirin Luzon. Musulmin Mindanao da Sulu sun yi ƙarni uku suna fafatawa da Sifaniya, tun kafin zamanin Sultan Kudarat. A Maris 1906 sojojin Amurka ƙarƙashin Leonard Wood suka kashe ɗaruruwan Moro, wato Musulmin yankin, a ramin dutsen Bud Dajo na tsibirin Jolo, har da mata da yara. Manyan finafinan da kuka lissafa ba wanda ya je can. Yaron Jolo da ya kalle su, ina zai ga kakansa?

Malam Habibu: Alhaji, wannan na karɓa ba ja. Na Hajiya kuma na karɓi rabi. Amma ban janye ba: yaron da ya fito sinima yana tambaya ya fi wanda bai taɓa jin sunan ba.

Dakta Mansur: In akwai mai amsa masa, Malam. Malamin da zai nuna wa aji fim ɗin Luna ya fara ba su ranaku huɗu a allo: 12 ga Yuni 1898 da aka ayyana 'yancin kai, 4 ga Fabrairu 1899 da yaƙi da Amurka ya ɓarke, 5 ga Yuni 1899 da aka kashe Luna, da 23 ga Maris 1901 da aka kama Aguinaldo a Palanan. Ya tsayar da fim a wurin rikicin Mascardo, ya tambaye su wa ke tsaron Bagbag a lokacin. Kada ya nuna shi shi kaɗai, Goyo ya biyo a mako na gaba.