Bushewar ido: waɗanda aka yi wa maganin haske, ku ba mu labari

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina fama da raɗaɗin ido, yashi-yashi tun daga farkawa, ga hawaye na zuba amma likita ya ce bushewa ce. Wai ƙananan hanyoyin da ke fitar da maiƙo a bakin fatar idona ne suka toshe, shi ya sa hawayen ke saurin bushewa. Maganin ɗigawa ya daina riƙe ni, balle yanzu da hunturu ya kama. Ya ambaci wani magani da ake yi da haske, IPL. Don Allah wanda aka taɓa yi wa ya faɗa mana gaskiyar abin.

Nas a Ingila: Wa alaikumus salam Maman Biyu. An yi min, a asibitin kuɗi, daga aljihuna. Ana rufe idanu da marufi, a shafa wani ruwa mai yauƙi da sanyi, sai a riƙa walƙa hasken a ƙasan ido daga wannan kunne zuwa wancan. Zafin kafin ki ce wash ya wuce. Abin da ya fi ciwo shi ne matsar fatar idon da ake yi bayan nan. Likitar ta nuna min abin da ya fito a allo, fari, daskararre kamar man shanu a sanyi, alhali mai lafiya ruwa-ruwa yake. Ka'idar zama huɗu ne, da tazarar mako 2 zuwa 4. Na samu sauƙi sosai, har ina iya aikin dare. Amma ba warkewa ba ce, bayan wasu watanni ya fara dawowa. Kuma ni fara ce, wannan yana da muhimmanci.

Baban Shago: Nas ta taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Ni baƙi ne wuluk, alhamdulillahi. A wata tafiya kasuwanci ƙasar waje na shiga wani wuri aka yi min, ba wanda ya tsaya duba kalar fatata. Washegari ƙasan idona na dama ya tashi, ya yi ɓawo, da ya warke ya bar tabo mai haske har yau. Idon kuwa bai canja ba, don ban koma ba.

Malamin Ido: Allah ya ƙara sauƙi Alhaji. Abin da ya same ka sananne ne. Hasken IPL jini da baƙin launin fata ne ke zuƙe shi. A farar fata yana ratsawa ya ƙona ƙananan jijiyoyin jinin da ke kawo kumburi, ya ɗumama maiƙon. A baƙar fata kuwa, fatar ce ke fara shanye zafin. Likitocin fata suna da ma'aunin Fitzpatrick mai mataki 6, kuma yawancin na'urorin nan an tsara su ne don mataki na 1 zuwa na 4. Mu akasarinmu 5 ne ko 6. Asalin maganin ma daga turawa masu ciwon jan fuska ne: wani likitan ido a Amurka, Rolando Toyos, ya lura a 2002 cewa waɗanda ake haska wa fuska saboda wannan ciwo idanunsu na samun sauƙi. Sai a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar OptiLight ta kamfanin Lumenis don bushewar ido. Nazarin 2020 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken likitanci, kuma ya ce hujjar amfaninsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. A ganina duk wanda zai haska ku bai yi maganar fatarku ba, ku ɗauki takalmanku.

Ɗaliba a Alƙahira: Ni likitana da kansa ya hana ni IPL saboda fata. Ya sa ni a wani daban, LLLT: abin rufe fuska ne mai jan haske, ki kwanta kamar minti 15, ɗumi kawai za ki ji. Hazbiyar da ke yawan fito min ta ragu. Bushewar dai da sauƙi, ba can ba, musamman lokacin jarrabawa da nake kwana a gaban kwamfuta.

Direban Tirela: Mu da ba mu da kuɗin haske fa? Ni gashi nake yi. Tawul ba ya riƙe zafi, sai matata ta ɗinka min 'yar jaka ta zuba shinkafa, a ɗumama, in ɗora minti 10 safe da dare, in murza fatar zuwa wajen gashin ido. Likita ya haɗa min da doxycycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha, na wasu makonni. Na kuma juya iskar mota ta daina bugun fuskata, na sa tabarau saboda ƙura. Ban warke ba, amma ina kai kaya Legas ba tare da tsayawa wanke ido ba.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Malam, ni wankan tarwaɗa ce, kuma doxycycline ɗin nan ina shan sa yanzu. Sannan kwalli fa? Tun ina yarinya ban taɓa fashi ba.

Malamin Ido: Hajiya, ki faɗa wa likitanki kina shan sa, domin yana sa fata saurin ƙonewa da haske. Haka mai shafa man bilicin, kada ta ɓoye: hasken da man ya ba ta bai sauya asalin fatar ba, ya ma ƙara mata rauni. Kwalli kuwa daidai kan bakin hanyoyin ake zizara shi, ki ajiye shi tukuna. Kafin ki biya ko sisi ki nemi a ɗauki hoton hanyoyin. Na fatar sama sukan kai 25 zuwa 40, na ƙasa 20 zuwa 30, kuma waɗanda suka riga suka mutu haske ba ya dawo da su.

Baban Shago: Malam, maganin ɗigawar da yaron kemis ke ba ni yana share jan idon nan take. In ci gaba?

Malamin Ido: Duba kwalin, Alhaji. In ka ga dexamethasone ko betamethasone, kada ka ƙara saye sai likita ya gan ka. Daɗewa a kansu na tayar da matsin cikin ido har ya kai ga gilakoma, ciwon da ke iya makantarwa, ko ya kawo yana. Ka je a auna maka matsin idon a makon nan, ka tafi da kwalbar.