Masu niyyar zuwa Badagry bayan kaka: me ya kamata mu sani?

Shugaban ƙungiyar matasa, ƙauyen Ringim:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta yi adashi, muna so mu je Badagry, garin bakin teku a jihar Legas, da zarar an gama cire gyaɗa an kai gero rumbu. Mu 18 ne, har da mata huɗu da yara uku, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Waɗanda suka san wurin, don Allah a ba mu haske.

Direba, Gezawa:
Wa alaikumus salam. Lokacin da kuka zaɓa ya yi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan sama ya ja baya a can. Yuni da Yuli ne ba a so, sai a wuni ana tafka ruwa. Kada ku sauka Legas ku wuce Badagry a rana guda da gajiyar hanya. Ku kwana, ku tashi bayan sallar asuba, don cunkoson hanyar Mile 2 yana iya cinye muku hantsi gaba ɗaya. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. Garin yana kusa da iyakar Seme, tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin, shingen bincike da yawa a hanya, mutum ɗaya marar kati zai tsayar da mota duka.

Masunci, Hadejia:
Ɗan'uwa, ni maganar ruwan zan yi, don nan ne haɗarin yake. Wanda ya iya iyo a kogin Hadejia ko dam ɗin Tiga kada ya ɗauka ya iya teku. Kogi gefe guda yake gudu, ka san inda zai kai ka. Teku kuwa igiya ce ke turo ruwa bakin gaɓa, ruwan ya taru, ya nemi hanyar komawa ta wani ɗan kwari a cikin yashi, ya fita da ƙarfin da gwanin ninƙaya ba zai iya ja da shi ba. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: hagu da dama igiya na fashewa da farar kumfa, shi kuwa tsakiyar lumui, ruwan ya fi duhu, kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su fito. Nan ne ba a shiga.

Idan ya ja mutum, kada ya yi ta kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya yi numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, sannan ya yi iyo ta gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga kwarin. Ku na waje kada kowa ya faɗa don ceto. Ku je da jarka mai lita 25, babu komai ciki, murfi a ɗaure tam, da igiya doguwa a hannunta, a jefa masa. Shawarata dai, ruwa kada ya wuce gwiwa, kuma ba a juya wa teku baya, ko don hoto.

Malamar firamare, Bichi:
Baba masunci ya faɗi gaskiya, in ƙara ta ɓangaren mata. Hijabi har ƙasa da zani idan suka jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, yashin kuma yana zamewa ƙarƙashin diddige duk lokacin da ruwa ya koma. A sa dogon wando a ciki, a ɗaura hijabi madaidaici, a tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Maza ma su cire babbar riga. Kowane yaro a ba shi babba guda da sunansa, kada a ce "kowa ya sa ido", don abin kowa ba na kowa ba ne. A zo da kayan canji a leda, domin iskar can tana da laima, rigar da za ta bushe cikin awa guda a Kano sai ta wuni da danshi.

Malamin tarihi, Dawakin Tofa:
Malam, kada ku ƙare a wasan ruwa, garin tarihi ne. Ku fara da safe a kan titin Marina. Akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, kodayake mu da muka san hasumiyar Gobarau ta Katsina muna da abin cewa. Akwai gidan tarihi a tsohon ofishin Turawan mulki na 1863, da gidan kayan tarihi na zuriyar Mobee inda za a ba ku sarƙoƙin bayi ku ɗaga ku ji nauyinsu, da gidan Seriki Abass, wani mai cinikin bayi na da, mai ƙananan ɗakunan da aka riƙa tsare bayi a ciki. A yi wa yara bayani kafin a shiga, wurin yana sa jiki ya yi sanyi.

Daga nan sai a tsallaka tsibirin Gberefu a jirgi mai inji, mintuna kaɗan ne. Ku yi cinikin zuwa da dawowa tun kuna tudu. Kowa ya sa rigar ceto ya ɗaure maɗaurinta, kada ku cika jirgi guda, ku kasu biyu, kuma ba a miƙewa tsaye sai an daki gaɓa. Bayan an sauka akwai tafiyar ƙafa cikin yashi zuwa bakin teku, inda a da ake loda bayi ba dawowa. Ku ware mata kamar minti 30 kowane gefe, inuwa ba ta da yawa, don haka a gama kafin azahar.

Ma'aikacin lafiya, Gumel:
Zafin can ba irin namu ba ne. Gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, mutum zai yi ta zubar da ruwa bai ankara ba. Kowane babba ya tanadi lita 3. Wanda ya fara jiri ko ciwon kai a kai shi inuwa, a haɗa masa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan ɗanyar kwakwa ma yana taimakawa, kuma tana ko'ina a garin. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna, wasu kan yi borin jini. Idan leɓe ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take. Gidan sauro kuma dole ne.

Malamin Islamiyya, Gwaram:
Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar. Sai dai a ɗebo a buta a yi a tudu. Wajen alƙibla, teku tana kudu: ku sa ta a hannun dama, ku fuskanci gabas, ku ɗan karkata hagu. Kuna kan tafiya, ƙasaru ya halatta.

Masunci, Hadejia:
Allah gafarta Malam, a kula da inda za a shimfiɗa tabarmar sallar. Teku tana cika ta janye sau biyu a kwana guda, kusan awa shida tana hawa, shida tana sauka. Ku duba layin ciyayi da tarkacen da ruwa ya bari a kan yashi, ku ajiye tabarma da jakunkuna da wayoyi sama da shi. Wayar da ruwan gishiri ya shiga a kashe ta nan take, kada a sa ta caji sai mai gyara ya buɗe ta.