"Ka ƙi naka duniya ta so shi": har da yaro mai sikila?

Maman yara uku:
Salam 'yan uwa. Dan Allah a warware min karin maganar nan, "ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi", jiya uwar mijina ta jefe ni da ita har yanzu abin na ci na a rai. Autana shekararsa 5, sikila gare shi, SS. Satin da ya wuce muka baro asibiti, kwana 6 muna can ciwon ƙashi ya tashi da sanyin nan. Toh jiya sai ya ɗau kofin shayi ya watsa wa yayarsa wai ta canja masa katun, Allah ya taimaka shayin ya huce, ni kuma na ce mata ki yi haƙuri kin san ba shi da lafiya. Shine Hajiya ta faɗi maganar ta tashi ta shige ɗaki. Ni da na kwana ina matsa masa ƙafa yana birgima yana Mama zan mutu, ta ina zan fara ƙinsa fisabilillahi?

Baban 'yan biyu:
Allah ya ba shi lafiya, amma Hajiya ta fi ki gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ran da ya watsa wa ɗan wani shayi a makaranta ba wanda zai tsaya tambayar katin asibitinsa kafin ya rama.

Anti nas:
Malam a bi a hankali, kar wani ya karanta nan ya je ya ɗauko dorina. Mai sikila sanyi na tada masa ciwo, ƙarancin ruwa a jiki na tada shi, maleriya ma haka, har tashin hankali. Ba yaron da za a sa kamun kunne ko tsallen kwaɗo a rana bane. Amma kashe masa talbijin wuni ɗaya bai taɓa kwantar da kowa a asibiti ba. Abin tsoron zazzaɓi ne, in kin auna ya kai 38 ku tafi asibiti ko tsakar dare ne.

Iya daga Zariya:
Ku yaran yanzu kun ji "ƙi" kun ɗauka ƙiyayya ce. Kara ake nufi 'yar nan. Mu da muka taso uwa ko sunan ɗan fari bata faɗa, in yaronki ya yi faɗa da na maƙwabta naki za ki fara tsawatar wa ko shi ke da gaskiya, sai uwar wancan ta ji kunya ta ce a'a ƙyale shi nawa ne mai laifi. Kin ga duniya ta so shi kenan. Da daddare kuma ki ja abinki ki ba shi ƙanzon tuwo ba wanda ya gani.

Ɗan Kantin Kwari:
Iya wannan duniyar ai ta tafi. Da can ɗa na kowa ne, yanzu ka ƙi naka duniya ta taya ka ƙinsa ta ƙara da ɗauka a waya. Ni a gani na maganar ta tsufa.

Iya daga Zariya:
Bata tsufa ba ɗana, ku ne kuka kai duniyar nesa. Duniyar yaron nan yau 'yar uwarsa ce da aka jiƙa wa riga aka ce ita za ta yi haƙuri.

Mai SS tun haihuwa:
Anti bari in faɗa miki abinda ba na son tunawa. Haka aka yi min a gida, komai na yi sai a ce ƙyale ta, wallahi kafin in kai shekara 8 na gane cewa in na ce "bayana" shikenan ba islamiyya ba wanke-wanke, na dinga yi har ya zama yayyena basa yarda da ni kwata-kwata. Wata rana ciwon gaske ya zo Mama ta tafi biki, na yi ta kuka a kan tabarma yayata na ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa tace ki gama dirama ɗinki, sai bayan magariba aka kai ni. Yanzu mun girma muna dariyar abin amma ita har gobe in aka tuna sai idonta ya kawo ruwa. Kar ki bari ya gane ciwon nan makami ne, shi zai cutu.

Malamin islamiyya:
Ƙarin bayani kaɗan. Hadisin Abu Dawud kan sallah cewa ya yi a umarci yara suna da shekara 7, maganar duka sai sun kai 10. Sallah fa kenan. Balle ɗan shekara 5 mai lalura a kan shayi.

Baban 'yan biyu:
Ni fa ban ce a dake shi ba jama'a, tanƙwarawa na ce.

Maman yara uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗazu na ce ya ba yayarsa haƙuri in ba haka ba yau ba katun, nan take ya kama ƙafa wai ciwo. Gabana ya faɗi amma na daure na taɓa jikinsa, na auna 36.8, na ba shi ruwa da folik asid ɗinsa na ce toh kwanta ka huta, mara lafiya baya kallo. Ko minti 10 ba a yi ba ya taso ya juya wa yarinyar baya yace "yi haƙuri" kamar da bango yake magana. Sai ga Hajiya mai karin magana ta leƙo wai wa ya taɓa min mijina, ta kwance bakin zani ta ba shi alawa biyu. Yanzu ita wa zai faɗa mata?