Bakin fensirin kafinta yana karyewa, layi kuma yana kauri

Salamu alaikum, malamai masu aikin katako. Ina neman shawara a kan fensirin nan mai faɗi.

Da wuƙa nake fere shi. Nakan cire itacen ɓangarori biyu masu faɗi, sannan gefuna, in bar gawayin ciki ya fito kamar milimita 6, in goga shi a samfefa mai lamba 220 har ya yi baki irin na cizal. A katako mai santsi lafiya lau. Amma da ya hau katakon da ba a goge ba, ko mai danshi, layi uku huɗu sai bakin ya dakushe ko ya ɓalle. Layin ya kai milimita 1, wurin haɗa ƙafar tebur kuwa wannan kaurin ya isa ya sa haɗi ya yi sako-sako.

Na gwada fensiri 2H, wato mai gawayi mai tauri, yana jurewa, sai dai a katako mai duhu da kyar ake ganinsa. Wuƙar zane tana ba da layi siriri, amma in aka ja ta a tsawon katako takan bi jijiya ta kauce wa sikwaya.

Shin tsawon gawayin ne ya yi yawa, ko hannuna ke dannawa? Kuma a katako mai duhu da me kuke zane?