Tabaran VR zai iya maye gurbin labo a makarantunmu?

Malam Isiyaku (Garwa): Assalamu alaikum malamai. Ni dai ra'ayina, lisen (sakandaren) da ba shi da labo (ɗakin gwaje-gwajen kimiyya) gara ya sayi tabaran VR, wanda in ka sa za ka ga kamar kana cikin abin da ake nuna maka, a kan ya zauna jiran gini. Ina zana zuciya da alli a allo, aji cike maƙil, na baya ba sa ganin komai. Yaro ya sa tabarau, sai ga shi a cikin zuciyar, yana kallon jini na fita zuwa huhu yana dawowa. Gani ya kori ji.

Hajiya Dije (Marwa): Wa'alaikumus salam Malam. Kama da wane ba wane ba ne. A darasin sinadarai dole yaro ya riƙe kwalba da hannunsa, ya ji ɗumin da ke tashi idan ana ɗiga asid a cikin ruwa, ya san dalilin da ya sa ba a zuba ruwa a kan asid. A tabarau ko ya yi kuskuren, ba abin da zai fallatso masa. Ranar da ya shiga labo na gaske a jami'ar Marwa ko ta Ngaundere, hannunsa baƙo ne.

Malam Isiyaku: Ai nan ne alherin, Hajiya. Ya yi kuskuren a inda ba zai ƙone ba.

Hajiya Dije: Wanda bai san zafi ba ta ina zai koyi taka-tsantsan?

Malam Abakar (Kuseri): Ku dakata, ku zo ajina a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wuta tun safe. Batirin tabaran VR samfurin Quest 2 awa 2 zuwa 3 yake yi. Sannan soson da ke manne a fuska zai jiƙe sharkaf da gumi, a cire a ba na gaba. Idan apolo ya shigo gari fa? Ga jiri da tashin zuciya da wasu ke ji.

Malama Zainabu (Ngaundere): Yaya Abakar, wuta kam sola za ta rage matsalarta. Ni abin da ke damuna daban ne. Google ya fito da tabaran Cardboard a 2014, kwali kawai da waya, ya kuma kawo wa makarantu manhajar Expeditions, mai kai yara yawon gani da ido ta cikin hotuna. A 2021 ya rufe ta. Darasin da kamfani zai wayi gari ya kulle, ba za mu jingina ilimin yaranmu da shi ba.

Malam Isiyaku: To mu ɗauki namu hotunan. Yaron Kuseri ya ga madatsar Lagdo da injinan da ke ba da wuta, na Garwa ya ga Tafkin Cadi da giwayen gandun dajin Waza.

Hajiya Dije: Wannan yawon buɗe ido ne, na kuma yarda da shi. Amma da farko labo ka ce, Malam. Idan ƙungiyar iyaye ta tara kuɗi bana, ni madubin duba ƙwayoyin halitta zan roƙa tukuna, yara su yanka ɓawon albasa su duba da idonsu.